Shimfiɗar ƙaramin jirgin ƙasa gaɓa-gaɓa: tambayoyi da amsoshi kan wuri da siffa

Tun ranar da muka haɗa 'yar shimfiɗarmu ta ƙaramin jirgin ƙasa, irin na kwaikwayo da ake kafa wa layi a kan katako yana tafiya da wuta, a zauren wani aminina a nan cikin birnin Katsina, tambayoyi ba su yanke ba. Wasu ta waya suke zuwa, wasu a bakin masallaci bayan la'asar. Kusan kowa da maganar kuɗi yake farawa, ni kuwa kullum sai in mayar da shi kan maganar wuri, domin a nan ne na ga mutane sun fi yin asara. Ga tambayoyin da suka fi maimaituwa, da amsoshin da nake bayarwa.

Me ake nufi da gaɓa-gaɓa, kuma me ya bambanta ta da shimfiɗar da aka saba gani?

Dubi rake. Sanda ɗaya ce, amma gaɓa ce ke bin gaɓa. Haka wannan aikin yake. Maimakon ka kafa layin dogonka a kan katafaren tebur guda wanda ba ya motsi, sai ka yi ƙananan akwatunan katako marasa zurfi, kowanne da guntun layi a kansa da ɗan abin da ke gefen hanya, gona ce, tasha ce ko gada. Ranar da za a kunna jirgi a jera su baki da baki, a ɗaure, layi ya sadu da layi. An gama, a warware, kowace gaɓa ta koma ma'ajiyarta.

Gaɓa iri biyu ce. Akwai wadda aka yanka daga tsari guda, ta ɗaya ba ta haɗuwa sai da ta biyu, ta biyu sai da ta uku. Akwai kuma wadda aka yi bakinta bisa ƙa'idar da jama'a suka yarda da ita, ta yadda tawa za ta haɗu da ta mutumin Daura da ban taɓa gani ba. Ta biyun nake ba mutane shawara. A gidajenmu ba a cika samun ɗakin da ba shi da aiki ba. Falo na baƙi ne, shago na samari ne, zaure kuma na kowa ne. Abin da zai zauna lafiya a irin wannan gida dole ya zama mai naɗuwa kamar tabarma.

Wane sikeli zan zaɓa?

Sikeli shi ne yawan ƙanƙantar da aka yi wa jirgin gaske. Guda biyu ne suka fi samuwa a kasuwannin duniya. HO shi ne 1:87, wato kowace santimita a kan teburinka tana wakiltar santimita 87 na jirgin gaske, kuma tazarar da ke tsakanin ƙarafan dogonsa milimita 16.5 ce. N shi ne 1:160 a Amurka da yawancin Turai, tazararsa milimita 9. Mutanen Ingila suna yin nasu N ɗin a 1:148, Japan kuma galibi a 1:150, duk a kan layi mai milimita 9 ɗin. Akwai OO na Ingila, 1:76, wanda yake hawa layin HO. Akwai kuma Z, 1:220, wanda kamfanin Märklin na Jamus ya fito da shi a 1972, amma ƙanƙantarsa ta yi yawa ga ƙasa mai ƙura irin tamu.

Lissafin da zai yanke maka shawara shi ne tsawon tarago. Taragon kaya mai ƙafa 40 yana zuwa kimanin santimita 14 a HO, a N kuwa bai kai 8 ba. Dogon taragon fasinja yana kai wa santimita 30 a HO, 16 a N. To, ka ɗauki kan jirgi da taragan fasinja huɗu. A HO sun cinye kusan mita ɗaya da rabi tun ba su motsa ba. A N santimita 80 ta ishe su.

Idan ɗaki ɗaya gare ka, kuma a ciki kake kwana, ka kama N. Idan idonka ya fara rauni, ko kana son yara su riƙa ɗora tarago da hannunsu, HO ya fi daɗin riƙo, kuma nauyinsa yana sa ya fi jure ɗan dattin da ke kan layi. Ni N nake yi. Amma mafi muhimmanci shi ne ka tambayi waɗanda za ku riƙa haɗa gaɓoɓi da su, don wanda ya yi HO shi kaɗai a cikin masu N ya zama ɗan kallo.

Ɗakina ƙafa 12 ne kowane gefe. In sayi filawud guda in ɗora a kan tebur, ba shi ke nan ba?

Wannan ita ce dabarar da ke fara zuwa wa kowa, kuma ita ce ta fi cin wuri. Filawud guda ƙafa 4 ne a faɗi, 8 a tsawo, wato santimita 122 da 244. Hannun babban mutum ba ya iya aiki mai kyau fiye da santimita 60 zuwa 70 daga bakin tebur, musamman idan akwai bishiyoyi da gine-gine a gaba waɗanda hannun riga zai iya kwashewa. Saboda haka ba za ka jingina dogon gefen da bango ba, dole ka bar hanya ta ɓangarori uku, kowace aƙalla santimita 60. Da ka haɗa lissafi za ka ga ya mamaye wajen mita 2.4 a faɗi da mita 3 a tsawo, fiye da rabin ɗakin. Ina gado, ina sif, ina wurin shimfiɗa sallaya? Duk wannan kuma don zagayen layin da bai wuce mita 6 ba.

Yanzu ka ɗauki filawud ɗin nan dai, ka ce wa kafinta ya raba shi gida shida, kowanne santimita 122 a tsawo, 40 a faɗi. Ka jera su a jikin bango biyu, su yi kusurwa, ka rage tsawon na ƙarshe don ya shiga. Layinka zai kusan kai mita 7, kuma abin da ya ci daga ɗakin bai cika murabba'in mita 3 ba. Ƙarƙashinsa ma bai tafi a banza ba, akwatin kaya da takalma duk za su shige. Komai yana kusa da hannu, kuma jirgi zai riƙa tafiya daga wani wuri zuwa wani wuri kamar yadda jirgin gaske yake yi.

Kafin in je wurin kafinta, me da me zan auna?

Ɗakin shi ne na ƙarshe. Ka fara da hanyar da gaɓar za ta bi daga inda aka yi ta zuwa inda za a kunna ta: ƙofar ɗaki, lungun tsakar gida, zaure, ƙofar gida, sannan but ɗin mota ko kujerar bayan Keke Napep.

Wannan darasi da jikina na koye shi. Shimfiɗata ta farko a cikin ɗaki na haɗa ta, tsawonta mita biyu da ɗoriya, na ɗaure mata ƙafafu da ƙusa da gam, na kafa tudu da bishiyoyi. Wata huɗu ina kanta. Ranar da za mu kai ta gidan wani abokina, ta fita ƙofar ɗaki a karkace, ta ratsa tsakar gida lafiya, sai muka iso zaure. Gidanmu tsohon gini ne, kuma kowa ya san yadda magabata suke gina zaure: ƙofar ciki ba ta kallon ta waje, don kada mai wucewa ya hango matan gida. Sai ka shiga, ka karya kwana, sannan ka fita. Mu uku muka yi ta juya ta, a tsaye, a kwance, a kaikaice, ta ƙi. Mahaifina yana zaune a kan buzunsa yana kallonmu, can ya ce, "Kai, wannan ba za ta fita ba sai an raba ta. Ɗauko zarto." Na ce, "Baba, a bari mu ƙara gwadawa." Muka ƙara, bangon ya kankare min rabin tudun. A ƙarshe da zarton aka raba ta, a tsakiyar tashar da na fi wahala a kanta. Har yau idan na tuna ƙarar zarton a kan ƙarfen layin sai in ji ba daɗi.

Tun daga ranar, kafin in yanka katako sai na samo kwalin firji ko na talabijin, na naɗe shi daidai girman gaɓar da nake nufi, har da tsayin abin da zai hau kanta, na ɗauke shi ni kaɗai daga ɗaki zuwa bakin titi. In kwali ya wuce, katako zai wuce.

A cikin ɗakin kuma ka auna bango daga kusurwa zuwa kusurwa a ƙasa, ka sake aunawa a daidai tsayin da shimfiɗar za ta zauna, don bangonmu ba kasafai yake miƙewa sak ba. Ka lura da inda ƙofa take buɗewa, da taga, da soket, da inda rufi yake ɗiga da damina.

Yaya girman gaɓa ɗaya ya kamata ya kasance?

Wadda mutum ɗaya zai ɗauka ba tare da ya kira kowa ba. Ni ba na wuce santimita 120 a tsawo, faɗi kuma tsakanin 30 da 45 ga N, 45 zuwa 60 ga HO. Filawud mai kaurin milimita 9 ya isa saman, sai a yi masa bango ta gefe huɗu da mai kaurin 12, zurfin kamar santimita 10, don wayoyi su ɓuya a ciki. Idan za ka yi biyu, ka yi su girma ɗaya, domin wajen ajiya ana kifa ɗaya a kan ɗaya fuska da fuska, a ɗaure su da katako ta kai da kai, su zama akwati rufaffe.

Wace siffa ta fi: zagaye, ko daga tasha zuwa tasha?

Ya danganta da abin da ke ba ka nishaɗi, kuma ya kamata ka faɗa wa kanka gaskiya tun da wuri.

Idan burinka ka zauna da shayi kana kallon jirgi yana wucewa, ko kana son nuna wa yara da baƙi, zagaye kake buƙata. Zagaye yana son kwana huɗu da faɗi mai yawa, don haka ya fi dacewa da ranar haɗuwa, a falo ko a ajin makaranta, inda kowa zai kawo tasa gaɓar. Akwai wata siffa mai kama da ƙashi, sirara a tsakiya, da kumburi a kai da kai inda jirgi yake juyowa. Tana ba ka tafiya marar yankewa a jikin bango, sai dai kumburin nan biyu suna neman wuri, kusan santimita 70 a N, fiye da mita ɗaya a HO.

Idan kuwa aikin tasha ne ke burge ka, raba taragai, tura wannan layin ajiya, jawo wancan, to miƙaƙƙiyar shimfiɗa ta ishe ka, ko mai kusurwa ɗaya, ko mai bin bango uku. A ƙarshenta sai ka bar gaɓa ɗaya tsirara, babu ado, mai layuka uku ko huɗu inda jirage suke jira. Ita ce "sauran duniya". Jirgin da ya shiga nan ya tafi Kano ke nan.

Wanda yake ganin gaɓa ɗaya ba za ta ɗebe masa kewa ba, ya gwada wasan da ake kira Inglenook, wanda wani Bature ɗan Ingila, Alan Wright, ya shahara da shi. Layukan ajiya uku ne, ɗaya yana ɗaukar tarago 5, sauran biyun 3 kowanne, sai layin ja-da-baya mai ɗaukar kan jirgi da tarago 3. Taragai 8 ne a fili, a zaɓi 5 ta hanyar ƙuri'a, a ce ka jera su bisa yadda ƙuri'ar ta fito. Jeri daban-daban har 6,720 ne ke iya fitowa. A N, da gajerun taragai, duk wannan yana shiga gaɓa ɗaya mai santimita 120. Na sha ganin manyan mutane sun zauna a kansa daga isha'i har dare ya raba.

Gargaɗi ɗaya: duk siffar da za ta sa jirgi ya zagayo ya koma kan layin da ya fito yana fuskantar baya tana haɗa wutar ƙarafan dogon biyu, waɗanda ta kansu jirgi yake samun wuta, sai komai ya tsaya. Sai an yanke layin a wurare biyu an sa makunni na musamman. Mai farawa ya bar wannan tukuna.

Yaya zan san kwanata ba ta yi tsanani ba?

Ana auna kwana ne da tazarar da ke tsakanin tsakiyar da'ira da tsakiyar layi. Kafa ƙusa, ɗaura zare, ɗaura fensir a ɗaya bakin, ka zana. Tsawon zaren nan shi ne ma'aunin kwanarka. A HO, inci 18, wato kimanin santimita 46, shi ne ƙaramin da yawancin kayan 'yan koyo suke zuwa da shi. Gajerun taragai za su bi shi, amma dogayen na fasinja suna son santimita 60 ko fiye. A N, santimita 28 zuwa 32 tana ɗaukar kusan komai, ko da yake dogon tarago ya fi kyan gani a kan wadda ta fi haka buɗewa.

Kar ka manta da'ira ninki biyu na zaren take ci, sannan ka ƙara aƙalla santimita 5 kowane gefe don kada jirgin da ya goce ya faɗo kan siminti. Abu biyu kuma nake hana mutane. Na farko, kwanar dama ta bi ta hagu kai tsaye babu miƙaƙƙen layi a tsakani. Ka sa miƙaƙƙe wanda ya kai tsawon taragonka mafi tsawo. Na biyu, kwana ta ratsa mahaɗar gaɓa biyu. Layi ya iso baki a miƙe, ya tsaya daidai da bakin kamar yadda ƙofa take tsayawa a kan dokinta.

Idan muna son gaɓoɓinmu su haɗu da na juna, a kan me za mu yi ittifaƙi?

A kan baki kawai. Abin da mutum ya yi a tsakiyar gaɓarsa ruwansa ne, ya yi kasuwa, ya yi fadama, ya yi dutse. Amma baki na jama'a ne: layi nawa ne, ina suke zaune daga gefen gaba, nawa ne tsayin saman ƙarfen dogo daga ƙasa, da me ake ɗaurewa, wace waya ce take zuwa wane ƙarfe.

Ba sai mun ƙirƙiro sabuwar ƙa'ida ba, waɗanda suka riga mu sun yi wannan wahalar. NTRAK, ƙa'idar masu N, ta fara a Amurka a 1973, gaɓarta ta asali ƙafa 2 ce da ƙafa 4, layuka uku, tsayi inci 40 daga ƙasa. FREMO ƙungiya ce da aka kafa a Jamus a 1981, ita ta bar wa mutum 'yancin tsawo da siffa, bakin kawai ta ƙayyade, kuma a HO saman dogonta yana santimita 130 daga ƙasa. 'Yar'uwarta ta Amurka, Free-mo, tana amfani da inci 50.

Wadda na ga ta fi dacewa da mu ita ce T-TRAK ta masu N, wadda ta samo asali daga Japan. Gaɓarta ƙarama ce ƙwarai: tsawo milimita 308, tsayi 70, ba ta da ƙafafu, a kan tebur ake jera ta. Tana amfani da layin Unitrack na kamfanin Kato, guntun da ke kanta milimita 310 ne, wato yana leƙowa da milimita ɗaya ta kowane baki, kuma maƙalan layin su ne suke riƙe gaɓa da gaɓa, babu noti babu ƙusa. Layuka biyu ne, tazarar milimita 33 a tsakaninsu. Gaɓar kwana murabba'i ce mai milimita 365 kowane gefe, don haka kwana huɗu kaɗai suna ba ka cikakken zagaye a kan santimita 73. Mai son doguwa sai ya yi ninki biyu, milimita 618. Irin wannan gaɓa ɗalibi zai sa ta a jaka ya hau mashin da ita daga Ƙofar Ƙaura zuwa Ƙofar Marusa.

Duk wadda kuka zaɓa, ku yi ma'auni guda na katako mai ƙwari ko na ƙarfe, mai alamar inda layi zai zauna, a ajiye shi a hannun mutum ɗaya, kowa ya gwada bakinsa da shi. Tef ɗin awo biyu na kasuwa sukan saɓa da milimita ɗaya, kuma a N milimita ɗaya ta isa ta kayar da jirgi.

Nawa ne tsayin da ya dace daga ƙasa?

Mai aiki a tsaye zai ji daɗin santimita 110 zuwa 130, don jirgi ya fi kama da na gaske idan ana kallonsa ta gefe, kusa da ido. Mai zama a kujera, tsayin tebur ya isa, wajen 75. Wata baiwar Allah ta tambaye ni game da 'ya'yanta ƙanana, na ce mata, "Hajiya, ki ɗaga shi sama inda hannun mai rarrafe ba ya kai wa, manyan kuma a ajiye musu benci su hau." Idan gaɓar mai ƙafafu ce, a sa noti mai juyawa a ƙarƙashin kowace ƙafa, saboda daɓenmu ba ya rasa tudu da kwari.

Ina son layi ɗaya ya hau gada ya tsallake ɗaya. Zai yiwu?

Zai yiwu, amma yana cin tsawo. Hawan da jirgi yake ɗauka ba tare da wahala ba shi ne santimita 2 a kowace mita. A HO kana buƙatar tashi kusan santimita 8 kafin jirgi ya wuce ta ƙarƙashi, wato mita 4 na hawa, wasu 4 na sauka. A N kimanin santimita 5 ce, mita biyu da rabi kowane gefe. A ɗaki ɗaya wannan ya yi yawa. Dabarar da ta fi sauƙi ita ce layi ya zauna a shimfiɗe, ƙasar ce za ta sauka: ka rage saman gaɓar a tsakiya, ka yi busasshen rafi mai yashi irin waɗanda muke tsallakawa a hanyar Jibiya, gada ta bi ta kai.

Zan iya kwaikwayon layin Kano zuwa Maraɗi, ko tsohuwar tashar Funtuwa?

Wannan tambaya tana faranta min rai, don na gaji da ganin shimfiɗa mai dusar ƙanƙara a garin da ba a taɓa ganin ta ba.

Layin Kano zuwa Maraɗi, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a watan Fabrairun 2021, tsawonsa kimanin kilomita 284 ne, ya bi ta Kazaure, Daura, Katsina da Jibiya. Faɗinsa irin na zamani ne, milimita 1,435, kamar na Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016. Wannan ya yi mana daidai, domin layin HO da na N na kasuwa wannan faɗin suke wakilta. Tsawon ne ba ya kwaikwayuwa. Kilomita ɗaya a N mita 6 da kwata ce, a HO mita 11 da rabi. Dukan layin a N zai haura kilomita ɗaya da rabi. Don haka ba hanya ake kwaikwaya ba, wurare ake tsinta. Mutum ɗaya ya ɗauki Daura, wani ya ɗauki gonakin gero da kuka da gawo na tsakani, wani ya ɗauki Katsina. A nan ne amfanin gaɓa yake fitowa, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mai son a gane Katsina da kallo ɗaya yana iya sa Hasumiyar Gobarau a can baya. Tsayinta kimanin mita 15 ne, a N bai cika santimita 10 ba. Ba sai tana kusa da layi a zahiri ba, alama ce ta gari.

Funtuwa kuwa wani labari ne. Tana kan tsohon layin da ya tashi daga Zariya ya bi ta Gusau ya ƙare a Ƙauran Namoda a 1929, layin auduga da gyaɗa. Faɗinsa ƙafa 3 da inci 6 ne, milimita 1,067, kamar sauran tsofaffin layukan Najeriya. Mai son daidaito sosai a 1:87 sai ya nemi layi mai milimita 12. Hanya mafi sauƙi ita ce kayan N na Japan, domin yawancin layukan Japan ma 1,067 ne, kuma suna yin ƙananan jiragensu a 1:150 a kan layi mai milimita 9. Ƙaramar tasha mai layin wucewa ɗaya, da layin ajiya ɗaya, da sito, da buhuna a jibge, tana zama daram a kan gaɓa biyu.

Hunturu da zafi da damina ba za su lalata min aiki ba?

Za su lalata, idan ba ka sa su cikin tsari tun farko ba. Katako yana shan danshi da damina ya kumbura, hunturu ya zo ya tsotse shi ya tsuke. Ƙarfen layi kuma zafi yake bi: tsakanin sanyin asubar Janairu da zafin Afrilu, mita ɗaya ta layi tana iya ƙaruwa da kusan rabin milimita. Na taɓa kafa layi a watan Agusta a kan katakon da bai gama bushewa ba, na matse mahaɗun tsam. Da Disamba ta yi, katakon ya tsuke, layin ya rasa inda zai je, ya yi doro a tsakiya har ana iya zura ashana a ƙarƙashinsa.

Saboda haka ka guji ɗanyen katako, ka guji allon garin katako da ake matsewa, don shi da ya sha ruwa ya gama yawo. Filawud mai kyau, a shafe shi da fenti ko banish ciki da waje har da bakin yanka. A kowace mahaɗar layi ka bar 'yar tazara kamar kaurin katin waya. Kar ka kafa shimfiɗa a ƙarƙashin tagar da rana take faɗowa, ko dab da rufin kwano marar silin, don taragan roba suna lanƙwashewa. Ƙafafu kada su taɓa bangon ƙasa, saboda gara.

Ƙura kuwa ita ce babbar abokiyar gaba, don wutar jirgi ta kan ƙarfen dogo take bi, kuma ƙurar kwana biyu ta hunturu ta isa ta tsayar da kan jirgi. Wannan ma dalili ne na yin siririyar gaɓa: murfin kwali ko na filawud marar nauyi yana rufe ta ruf. Tun kana zane ka tanadi inda murfin zai zauna, kuma kada doguwar bishiya ko hasumiya ta wuce tsayinsa.

Wutar lantarki fa, ga yadda take a wurinmu?

Ƙananan jiragen nan wuta kaɗan suke ci, galibi bolt 12, don haka batirin sola na gida yana iya ɗaukar su ta hanyar na'urar rage gudu da ƙarawa. Abin lura shi ne na'urar da aka sayo daga Amurka ko Japan, wadda aka yi don wutar 100 zuwa 120, alhali tamu 230 ce. Karanta jikinta kafin ka soka. A wajen tsari kuma, kowace gaɓa ta sami wayoyinta biyu masu kauri a ƙarƙashi, da filogi a kowane baki, launi ɗaya a wurin kowa.

Ban sayi ko tarago ɗaya ba tukuna. Da me zan fara?

Da alli da kwali. Kayan nan daga waje ake yo odarsu, da kuɗin waje, kuma kuskuren oda yana da ciwo. Ka share daɓen ɗakinka, ka zana gaɓoɓin da alli a ainihin girmansu, ka zana kwanoni da zare da ƙusa. Yanka kwali daidai tsawon kan jirgi da taragai, ka tura su a kan zanen, ka ga ko layin wucewarka zai ɗauki jirgin da kake mafarki. Ka bar zanen kwana uku kana zirga-zirga a ɗakin, ka ga ko kana taka shi in za ka buɗe sif ko in za ka yi salla. Mai kwamfuta yana iya gwada manhajar zana layi ta XTrackCAD, kyauta ce, ko AnyRail da SCARM waɗanda suke barin mutum ya zana ƙaramin tsari ba tare da ya biya ba.

Idan zanen ya zauna, ka je wurin kafinta da awo a rubuce da milimita, ka tsaya a kansa lokacin da yake yanka bakin. Ni nakan ce wa nawa, "Malam, ko'ina ka yi yadda ka saba, amma bakin nan biyu a sa sukwaya." Gaɓa ɗaya za ka fara yi, miƙaƙƙiya, ka kafa layi, ka sa wuta, jirgi ya bi ta gaba da baya sau ashirin bai goce ba. Sannan ka kawo ta a gwada bakinta da ma'aunin jama'a kafin ka zuba mata ko yashi.